Rufi da Bagade: Rajistar Aikin Gyaran Babban Coci

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Yau, ranar Idin Baftismar Ubangiji, an karanta takardar Bishop a kowace Mas. Aiki biyu ta amince da su: sauya rufin babban coci, da kafa sabon bagade na dutse a maimakon na katakon da ake amfani da shi. Rufi ne farko, bagade na biye, kuma haka aka rubuta su a jere da gangan.

Wasu sun tambayi dalilin da ya sa aka yi ta jiran takarda alhali kowa na ganin ruwa yana ɗiga. Dokar Ikilisiya ta 1983 ce ta tsara hakan. A cikinta, doka mai lamba 1281 ta ce duk abin da ya wuce hidimar yau da kullum, mai kula da dukiyar coci ba zai yi shi ba sai da izini a rubuce. Doka ta 1277 kuma ta ɗora wa Bishop kansa jin ta bakin majalisar kuɗi ta dayosis da majalisar mashawartansa kafin babban kashe kuɗi. Baiko na musamman shi ma da umarninsa ake yin sa, bisa doka ta 1266. An sa shi a Lahadin farko ta kowane wata, bayan addu'ar ƙarshen Jibi, da kwando mai launi dabam don kada ya gauraya da baikon Lahadi.

An buɗe asusun banki na aikin shi kaɗai. Mutum uku ke da ikon sa hannu, kuma ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa, ɗayansu Fada mai kula da babban coci.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Injiniya ta hau rufi sau biyu, ta kuma shiga cikin silin da fitila. Abin da ta gano ya sha bamban da abin da ake zato daga ƙasa. Tabon ruwa yana saman layin kujeru na tsakiya, amma ba nan ruwan ke shiga ba. Yana shiga ne ta inda kwano ya haɗu da bangon hasumiyar ƙararrawa, ya bi katako ya gangara kusan mita 6 kafin ya sami wurin ɗiga. Shi ya sa facin da aka yi ta yi a saman tabon bai taɓa magance komai ba.

Abu na biyu, ƙusoshi. Kwanon alminiyom yana miƙewa da zafi, ya koma da sanyi: kowace mita tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.023 a kan kowane digiri ɗaya. Kwano mai tsawon mita 10, idan zafin rana da sanyin dare suka bambanta da digiri 40, zai motsa fiye da milimita 9. Shekara da shekaru wannan motsi yana faɗaɗa ramin ƙusa har ta saki. Ga shi kuma ƙusoshin na baƙin ƙarfe ne, kuma inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da danshi, ɗaya yakan ci ɗaya. Kusan kowane rami yana da farin gari a bakinsa.

Na uku ya fi muni. Katakon da ke kwance a kan bango, wanda duk rufin ya hau kansa, gara ta cinye shi a ɓangaren arewa. Daga waje lafiya lau yake, amma tsinken ƙarfe yana nutsewa cikinsa ba tare da an danna ba. Indararo biyu kuma sun toshe da sheƙar tsuntsaye, ruwa yana komawa baya ya jiƙa wannan katakon, danshin kuwa shi gara ke so.

An ba 'yan kwangila uku takardar lissafin kaya iri ɗaya, domin idan kowa ya auna da kansa ba za a iya kwatanta farashinsu ba. An ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kiyasi saboda abin da zai bayyana bayan an yaye kwano.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun Larabar Toka, 5 ga wata. Babu biki, babu wasan tara kuɗi sai bayan Ista. An yi amfani da makonnin wajen zama da ƙungiyoyi.

Zumuntar mata, ƙungiyar maza, matasa da mawaƙa kowa ya karɓi littafin rasit mai lamba. Kowane rasit yana da kwafi uku: na mai bayarwa, na ma'aji, da wanda ke zama a jikin littafi. Littafin da ya ƙare sai an dawo da shi kafin a ba da sabo.

Ƙungiyoyi biyu ba a ba su littafi ba, kuma an ji gunaguni a kan haka, don haka ga dalili. Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a ranar 7 ga Satumba 1921, ƙa'idarta ta hana a mai da ziyarar gida-gida ta zama hanyar karɓar kuɗi. Idan mai ziyara ya shigo da littafin rasit sau ɗaya, gobe marar lafiya zai ji ƙwanƙwasa ƙofa ya ɗauka bashi aka zo karɓa. Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul kuwa, wadda ta fara a Paris a 1833, abin da ke akwatinta na matalauta ne, ba a taɓa shi don gini. Membobinsu suna bayarwa kamar kowa, da sunansu, ba da sunan ƙungiya ba.

Masu ƙirga baiko su uku ne a kowace Lahadi, ba 'yan gida ɗaya ba, kuma ana juya su. Ana ƙirgawa a ɗaki a rufe, a cike takarda, kowa ya sa hannu, a kai banki ranar aiki ta farko.

Asabar, 22 ga Maris

Lissafin farko ya fito da matsalar da za ta bi aikin nan har ƙarshe. A katin alkawari an bar wa mutum ya zaɓi inda kyautarsa za ta tafi, rufi ko bagade. Mafi yawa sun zaɓi bagade. Ba abin mamaki ba ne: bagade ido na ganinsa kowace Lahadi, katakon cikin silin kuwa ba wanda zai taɓa nuna wa jikansa shi. Sakamakon shi ne kuɗin bagade ya kusa cika, na rufi bai kai inda za a biya kashin farko na kwangila ba.

An kawo shawara a ranci na bagade a yi rufi, a mayar daga baya. Ba zai yiwu ba. Doka ta 1267, sashe na 3, a fili take: kyautar da masu bi suka bayar don wata manufa, a wannan manufa kaɗai za a kashe ta. Rance ma kashewa ne, in dai ba a san ranar mayarwa ba. Kuskuren na katin ne, kuma kwamiti ne ya tsara katin. An janye shi. Sabon yana da layi ɗaya tak: “don gyaran babban coci, inda buƙata ta fi.” Waɗanda suka riga suka cike tsohon za a rubuta musu ɗaya bayan ɗaya a nemi yardarsu a rubuce. Wanda ya ce a'a, kuɗinsa na nan a bagade, ba kuma za a sake damunsa ba.

A littafin ma'aji an raba shafi biyu, alkawari da abin da ya shigo hannu. Ba a sa hannu a kwangila da lissafin alkawari.

Talata, 22 ga Afrilu

Mako Mai Tsarki ya wuce ba a taɓa ginin ba, don babban coci ne ke karɓar Mas ta keɓe mai da dukan firistocin dayosis. Baikon Jumma'a Mai Kyau, 18 ga wata, na Ƙasa Mai Tsarki ne, an miƙa shi cif yadda ya shigo.

Jiya, Litinin ta Ista, Paparoma Francis ya rasu. An cire sunansa daga Addu'ar Godiya, sai na Bishop kaɗai ake ambata har a zaɓi sabo. An ɗage fara yaye kwano da mako guda saboda Mas ta addu'a dominsa.

Kafin ma'aikata su shigo, Fada zai ɗauke Jibi Mai Tsarki zuwa ƙaramin ɗakin sujada na gefe, tare da fitilarsa. Akwatin ajiye Jibi na can ya cika sharuɗɗan doka ta 938: kafaffe ne, ba a ganin cikinsa, yana da makulli. Na babban coci za a bar shi a buɗe, fitila a kashe, don mai shigowa ya san babu Jibi Mai Tsarki a ciki. An ɗauki hoton kowane mutum-mutumi da hotuna 14 na Hanyar Gicciye, an rubuta su a rajistar kaya, an naɗe. Babu wanda za a yi wa fenti ko gyara a wannan zagaye. Mai daraja a cikinsu sai da rubutaccen izini bisa doka ta 1189.

Asabar, 17 ga Mayu

Tun 8 ga wata ana ambaton Paparoma Leo a Mas, wadda yanzu ake yi a zauren taro a kan bagade mai ɗaukuwa.

Ana yaye rufi sashe-sashe, ba a buɗe abin da ba za a iya rufewa kafin yamma ba. Duk da haka an yi asara: ranar Laraba an bar tamfol ba a ɗaure gefensa na ƙasa ba, iska ta ɗaga shi da dare, ruwa ya jiƙa silin na layuka huɗu. Kwangila ta ɗora irin wannan a kan ɗan kwangila, kuma shi zai biya.

Katakon arewa ya fi yadda aka zata lalacewa, ya zarce har kusurwar ɗakin shirin firistoci. Kusan rabin kashi 10 ɗin da aka ware ya tafi nan. Sabon katako an jiƙa shi da maganin gara, kuma duk inda aka yanka da zarto sai an sake shafa wa bakin yankan, domin nan ne maganin bai ratsa ba. An shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsa da bango.

An sa an cire layi biyu na sabon kwano. Ma'aikata sun ɗaure ƙusoshi masu murɗi da inji har zoben robar ya fashe ya fito gefe. Zoben da ya fashe ba ya tare ruwa, rana kuma za ta ƙarasa shi cikin 'yan shekaru. Daidai shi ne a ɗaure har robar ta ɗan kumbura a tsaya. Inda kwano ya hau kan kwano a tsaye, an ƙi karɓar ƙasa da santimita 15. A bangon hasumiya kuma an yanka tsagi a cikin bangon aka cusa bakin ƙarfen kariya, maimakon a manna shi da siminti a waje kamar da. Siminti ba ya motsi tare da kwano, shi ya sa yake tsagewa.

Litinin, 30 ga Yuni

Baikon jiya, Idin Bitrus da Bulus, na hidimar Paparoma ne, bai shiga asusun gini ba.

Binciken littattafan rasit ya nuna guda ɗaya da aka yage shafi uku daga ciki har da kwafin da ya kamata ya zauna. Bayani ya nuna kuskuren rubutu aka yi, mai riƙon littafin ya yage ya zubar. An sami masu kyautar, lissafi ya daidaita. Ƙa'ida daga yau: rasit ɗin da aka ɓata a ja masa layi biyu, a rubuta “an soke”, a bar shi a jikin littafi da kwafinsa duka.

Asabar, 19 ga Yuli

Amsoshin wasiƙu sun dawo. Da yawa sun yarda a mai da kyautarsu rufi, wasu sun ce a bar ta a bagade, wasu ba su amsa ba. Shiru ba yarda ba ne, nasu na nan inda suka sa shi. Da abin da aka saki aka biya kashi na biyu, bayan injiniya ta sa hannu cewa aikin ya kai matakin.

Asabar, 23 ga Agusta

Rufi ya rufu. An riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har wata shida, sai rufin ya sha ruwa mai ƙarfi an ga halinsa. An sa abin rage zafi da ƙara a ƙarƙashin kwano, don a da idan ruwa ya sauko lokacin wa'azi, daga layi na biyar ba a jin komai.

Yanzu bagade. Doka ta 1236 ta ce teburin kafaffen bagade ya zama dutse, kuma dutse guda ɗaya na halitta, sai dai in taron bishop-bishop na ƙasa ya yarda da wani abu mai ƙwari da daraja. Ƙafafunsa ana iya yin su da kowane abu. An zaɓi dutsen giranit mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 15. Wannan kashi 3 cikin 10 ne na mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, kuma da yake kowace irin wannan mita ta giranit tana kai kilo 2,700, teburin kaɗai zai yi kilo 810. An fifita shi a kan marmara saboda marmara tana shan mai da ruwan inabi ta yi tabo, ranar keɓewa kuwa mai za a zuba masa.

Zanen farko an mayar da shi. Ya yi tsawon mita 3, irin na zamanin da ake karanta wasiƙar manzanni a gefe ɗaya na bagade, Bishara a ɗaya gefen. Yanzu karatu a mumbari ake yin sa, kuma dogon bagade yakan zama wurin ajiye takardu da tulunan fure. Tsayi an tsayar da shi a santimita 98 daga inda firist ke tsayawa. Ƙa'idojin Littafin Mas, lamba ta 299, sun ce a raba shi da bango yadda za a iya zagaya shi a kuma fuskanci jama'a. A nan an bar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, don a babban coci ba firist ɗaya ke tsayawa ba, ga kuma dikin, wato mai taimaka wa firist, da mai riƙe da turare. Kujerar Bishop, wadda daga sunanta na Girkanci kalmar katidiral, wato babban coci, ta fito, ba za ta motsa ba. An auna an tabbatar bagaden ba zai tare ta daga idon jama'a ba.

An nemi a sassaƙa sunayen manyan masu kyauta a jikin dutsen. Kwamiti ya ƙi, Bishop ya goyi baya. Sunan kowa, babba da ƙarami, zai shiga littafi ɗaya ba tare da adadi ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Daɓen wurin ba zai ɗauki wannan nauyi ba, ƙasa ce aka cika aka shafe da siminti siriri. An fasa, an haƙa har ƙasa mai tauri, an zuba tushe da rodi, an bar ƙarafan da za su kama ƙafafun bagade, tun da kafaffen bagade a doka shi ne wanda ya haɗe da daɓe ba ya ɗaukuwa. An binne bututun wayar makirfo kafin zuba kankare. Saura kaɗan a manta da shi, mai kula da lasifika ne ya tuna ana gab da kwaɓa siminti. Kankaren zai sha ruwa kullum, kuma ba abin da zai hau kansa sai ya cika kwana 28.

A cikin tsohon bagade an sami ɗan dutse mai gicciye biyar da ƙaramin rami a rufe, irin wanda ake sa ragowar jikin tsarkaka a ciki a tsohon tsari. Ba a buɗe ba, an kai wa Bishop. Tsarin keɓe coci da bagade na 1977 ya ce a tabbatar da sahihancinsu, kuma gara a keɓe bagade babu su da a sa abin da ake shakka. Ya kuma ce a ƙarƙashin tebur ake sa su, ba a cikinsa ko a kansa ba. Don haka an bar rami a ƙafar tsakiya da murfin dutse daidai bakinsa. Ana neman takardar shaidarsu a ma'ajiyar takardun dayosis. Wani ya ce ana samun irinsu a intanet. Doka ta 1190 ta haramta sayar da su ɗungum, mai saye kuwa shi ke raya kasuwar.

Litinin, 20 ga Oktoba

Baikon jiya na Lahadin Mishan ne, ya tafi inda aka nufa.

Giɓin rufi bai rufe ba, sai shawarwari suka fara fitowa: a sayar da katin zama na ranar keɓewa, a ƙara wani abu a kan baikon niyyar Mas, a ce sai iyali sun biya alkawarinsu kafin a yi wa ɗansu baftisma. Duka ukun an ƙi su a zama ɗaya. Doka ta 1221 ta ce shiga coci lokacin sujada kyauta ne. Ta 947 ta hana ko da kamannin ciniki a baikon Mas. Ta 848 ta hana a tauye wa mutum sakramenti saboda talauci. Abin da aka amince da shi shi ne mawaƙa su yi daren waƙoƙi a zauren taro, da tunatarwa ta wasiƙa sau ɗaya ga masu alkawari.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Bana Idin Keɓe Cocin Lateran, babban cocin Paparoma a matsayinsa na Bishop na Roma, ya faɗo ranar Lahadi, sai aka zaɓe shi don karanta lissafi, kamar yadda doka ta 1287 ta nemi a riƙa yi wa masu bi bayanin abin da suka bayar. An manna shafi biyu a allon sanarwa, rufi dabam, bagade dabam, da abin da aka riƙe na ɗan kwangila a layinsa don kada a ɗauka rara ce. Asusun bagade yana da saura. Ba za a taɓa shi ba sai an gama, sannan a koma ga masu shi a tambaye su.

Ranar da aka sa rai, Idin Almasihu Sarki, 23 ga wata, ba za ta yiwu ba. Dutsen ya iso da tsaga siririya kamar gashi a kusurwa ɗaya. Ba a ganinta sai an jiƙa dutsen: ko'ina ya bushe, layin ya zauna da danshi. Mai sassaƙa ya ce zai cike ta da gam ba wanda zai sani. An mayar masa.

Asabar, 6 ga Disamba

Sabon dutse ya iso, an jiƙa shi an duba, lafiya. An shigo da shi a tsaye a kan gefensa, don dutse mai faɗi a kwance yake karyewa, a kan katakai da bututun ƙarfe, bayan an cire ganyen babbar ƙofa ɗaya. Ya zauna, an auna da ma'aunin ruwa ta kowace fuska. An lulluɓe shi, kuma ba za a yi Mas a kansa ba ko da ta Kirsimeti ce, domin Mas ta keɓewa ita ce ta farko. Mas ta dawo cikin babban coci a kan bagade mai ɗaukuwa.

Ginin kansa ba ya buƙatar sabuwar keɓewa, sauya rufi bai kai rushewar da doka ta 1212 ke nufi ba. Bagade kaɗai za a keɓe. Ba a yin haka a kwana uku na Ista, ko Larabar Toka, ko ranakun Mako Mai Tsarki, ko 2 ga Nuwamba. Azumin 2026 zai kama 18 ga Fabrairu, don haka an miƙa wa Bishop Lahadi biyu, 8 da 15 ga Fabrairu.

Abin da ya rage: a auna man Kirisma, wato man keɓewa, da ya saura bayan sakramentin tabbatarwa na bana, domin Bishop zai zuba a tsakiya da kusurwa huɗu sannan ya shafe teburin duka, kuma sabon mai sai Mako Mai Tsarki. A nemo kaskon turare mai ƙafa da abin da za a sa ƙarƙashinsa kada zafi ya taɓa dutsen. Zumuntar mata na ɗinka farin mayafi da na leda da za a shimfiɗa bayan an goge mai. Mawaƙa sun fara koyon roƙon tsarkaka. Za a shirya takardar shaidar keɓewa kwafi biyu, ɗaya ta dayosis, ɗaya ta coci, da ta uku da za a sa tare da ragowar tsarkaka idan shaidarsu ta samu. Magini zai kasance a wurin da siminti kaɗan don rufe ramin. Takardar shaidar ragowar tsarkakan har yau ba a gan ta ba, akwati biyu suka rage a bincika.